Busar Da Yayana Ya Zaɓar Wa 'Yata

Abubuwa da yawa sun faru da ni a zamana na Jidda waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma ranar da 'yata ta tsaya gaban jama'a da sarewa a hannu, da maganar da yayana ya yi bayan ta sauko, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta goge daga raina ba. Shekaru sun shuɗe, yarinyar ta girma, ita ta ma daina zancen. Ni ce dai har yau idan na ga mutumin nan ya gyara zama zai ba wani shawara sai ranar nan ta dawo mini sabuwa.

A unguwar Sharafiyya muke zaune, a nan kuma aka haife mu ni da yayan nawa. Mijina direba ne a wani kamfanin rarraba kaya, mutum ne marar yawan magana. 'Yarmu ta fari tana 'yar shekara sha ɗaya lokacin da aka fara buɗe makarantun koyon kiɗa a gari. Wata rana a bakin teku ta ga wata budurwa tana busa irin sarewar ƙarfen nan ta Turawa wadda ake riƙewa a gicciye, tun daga ranar ba ta bar mu mun huta ba. Babanta ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda, da sharaɗin karatunta ba zai ja baya ba. Aka sa ta a wata ƙaramar makaranta, aka haɗa ta da malama 'yar Masar, dattijuwa mai haƙuri, wadda yaran duk suke kira Abla.

Yayana shi ya saya mata sarewar. Na faɗi wannan don kada a ce na ci haƙƙinsa, ko da yake ba na jin akwai wanda ya rage a unguwannin Sharafiyya da Ammariyya da bai ji labarin daga bakinsa ba. Yana aiki a wani shagon sayar da wayoyi da sifikoki, kuma tun da Allah ya haɗa shi da sifika ya ɗauka shi ma makaɗi ne. Irin mutanen nan ne da babu abin da ba su sani ba. Idan ciwo ne ya fi likita, idan mota ce ya fi bakanike, idan ƙwallo ce da shi aka sa a fili da an ci. A rayuwarsa bai taɓa kaɗa ko da gwangwani ba, amma idan ana zancen kiɗa sai ya lumshe ido yana gyaɗa kai kamar wanda ake yi wa bitar abin da ya koyar. Dokin mai baki ya fi gudu. 'Yata kuwa tana ƙaunarsa ba kaɗan ba. Khali take ce masa, yadda yaran Jidda ke kiran kawu, kuma duk abin da Khali ya faɗa ya zauna.

Bayan ta yi kamar shekara biyu tana koyo, sai ta kai wani matsayi na tsaka-tsaki. Ta wuce 'yan koyo, tana karanta rubutun kiɗa, sautinta ya yi tsabta, amma ba ta kai ƙwararru ba. Kamar mangwaron da ya fara ja bai gama nuna ba. A shekarar ne makarantar ta ce bikin ƙarshen shekara na kiɗan jaz za a yi, kuma waɗanda suka yi kyau a ranar za a ɗauke su cikin ƙaramar ƙungiyar ɗalibai da ke fita yin wasa a wurare. Wannan ƙungiya ita ce burin 'yata, da ita take kwana da ita take tashi.

Ni ban san jaz ba sai a lokacin. Abla ce ta yi mini bayani wata rana da na je ɗaukar yarinyar. Ta ce shi tafiyarsa ba ta soja ba ce, taku ɗaya dogo ɗaya gajere, kamar mai rangaji, kuma wani lokaci sautin yakan faɗo inda kunne bai zata ba. Ta ce zaɓa wa yaro irin wannan kiɗa sai an yi hattara. Sai ta duba iya tsayin sautin da bakin yarinya ya saba kaiwa, ta duba ko akwai wuraren shan numfashi, ta duba ko yatsunta za su iya saurin. A ƙarshe ta zaɓa mata wata busa mai matsakaicin gudu, mai daɗi, wadda a tsakiyarta aka bar ɗan fili yarinya ta ƙirƙiri nata. 'Yata ta so ta. Ina kicin ina jin ta a ɗaki tana yi tana maimaitawa, har ni ma na haddace, ina yanka albasa ina bin ta da hanci.

Sai wata Juma'a yayana ya zo cin abinci bayan masallaci. An ci shinkafa an ƙoshi, yarinya ta ɗauko sarewa don ta burge kawunta. Ta busa tun daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Babanta yana murmushi. Shi kuwa gogan ya kishingiɗa yana sakace, da ta gama sai ya ce, “Wannan shi ne jaz ɗin? Ai wannan irin kiɗan da ake sa wa mutum ne idan ya kira banki aka ce ya jira.”

Na ga fuskar yarinyar ta sauya. Ya zaro wayarsa ya lalubo wani bidiyo, wani tsoho mai farin gemu a wata ƙasa yana busa da gudun da ko ido ba ya iya bin yatsunsa, sautin yana hawa sama kamar zai tsage. Ya miƙa mata ya ce, “Kin ga jaz. Wannan za ki busa a bikin. 'Yar ƙanwata ba za ta hau dandamali da waƙar renon jarirai ba.”

Na ce, “Yaya, malamarta ce fa ta zaɓa mata, ita ta san inda ta kai.”

Ya dube ni irin duban da yake mini tun muna yara ya ce, “Ke me kika sani a kiɗa? Malaman nan ba sa son ɗalibi ya yi fice, tsoro suke a gane ya fi su. Halas, na gama magana.”

Bidiyon nan ranar ya fara ganinsa, daga baya na gane haka. Ko sunan busar bai iya faɗa daidai ba. Amma ya riga ya zuba wa yarinya dafin, domin tun daga wannan yammacin busar da take ƙauna ta zame mata abin kunya.

A darasi na gaba ta kai wa Abla wayar. Abla ta kira ni ciki, ta rufe ƙofa, ta ce a cikin busar nan akwai sautuka na can sama da yarinyar ba ta fara koyonsu ba, akwai dogayen wurare da babu inda za a ja numfashi, kuma tsohon da ke cikin bidiyon tun kafin a haife ni yake wannan sana'a. Ta ce idan yarinya ta nace, ita za ta iya rubuta mata sassauƙan salonta, a rage gudu, a sauko da sautin. Na ji daɗi, na ce an sami mafita. Ashe ban san yayana ba. Da labari ya kai masa sai ya bar shago ya zo makarantar da kansa, ya wuce malama ya shiga ofishin shugaban wurin, ya ce shi ne waliyyin da ya sayi kayan busar, kuma ba zai yarda a daƙushe basirar yarinya ba. Shugaban ba ya son rigima, sai ya ce a tambayi ɗaliba. Aka tambaye ta, kawunta na tsaye a kanta, ta ce ta asalin take so.

A gida na zaunar da ita na yi mata magana har bakina ya gaji. Abin da ta ce mini kawai shi ne, “Ummi, ke ma ba ki yarda zan iya ba ko?” Duk uwar da aka taɓa yi wa wannan tambaya ta san babu amsar da za ta fitar da ita. Na koma wurin babanta, ya ce kawunta ne, kuma ita ta ce tana so, a bar ta ta gwada. Haka aka bar maganar.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Gidan da busa ke yi wa ado ya koma wurin horo. Yarinyar nan takan dawo daga makaranta ta yi aikin gida a gurguje, ta shige ɗaki ta yi ta kokawa da wuri ɗaya, ta hau ta zame, ta sake hawa ta zame. Leɓenta ya bushe ya tsage. Wani lokaci jiri ya ɗebe ta saboda riƙe numfashi sai ta zauna a bakin gado ta dafe kai. Abla tana iya ƙoƙarinta, tana gutsura mata busar kaɗan-kaɗan, amma ba a koyon aikin shekaru a 'yan makonni.

Shi kuwa babban malami ya naɗa kansa mai horarwa. Ya kinkimo wata ƙatuwar sifika daga shago ya dire mana a falo, ya riƙa sa bidiyon tsohon nan har tagogi na rawa, yana tafi yana cewa, “Yalla, ƙara sauri, ba ki ji yadda yake yi ba?” Wata rana da ta kasa kai wani sauti sai ya fizge sarewar ya ce bari ya nuna mata. Ya kafa baki, ya kumbura kumatu, ya hura. Abin da ya fito bai wuce hucin mai fifita shayi ba. Ya juya ta ya sake hurawa, shiru. Ƙannenta suka fashe da dariya. Ko a jikinsa, ya miƙa mata ya ce ramin irin na mata ne, ya yi wa bakinsa ƙanƙanta, amma dai ta gane abin da yake nufi. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ranar bikin ta zo, wata Asabar da yamma, a wani ɗan zauren taro da makarantar ta kama. Iyaye sun cika wurin, Larabawa da Indiyawa da 'yan Sudan da mu. Yayana ya iso cikin farar jallabiya da ta sha guga, turare kamar an yi ɓarinsa, kuma ba shi kaɗai ba. Ya gayyato mudirinsa, wato mai shagon da yake wa aiki, da wasu abokansa. Sai a lokacin na gane wa ake shirya wa wannan biki tun farko. Ya zaunar da su a layin gaba, ya kafa waya a kan sanda, yana ta gaya wa mudir da Larabci cewa yau zai ji abin da bai taɓa ji ba, shi ya gano yarinyar, shi ya saya mata sarewa, shi ya zaɓa mata busa, shi ya horar da ita.

Yara suka yi ta hawa suna sauka. Kowa ya busa daidai ƙarfinsa, wasu da 'yan kurakurai, aka tafa musu, suka sauko suna dariya. Sai aka kira 'yata. Ta fito da doguwar riga shuɗiya da na ɗinka mata, ta tsaya kusa da mai fiyano.

Farkon busar a hankali yake, kuma ta yi shi da kyau, har na ji wata mata a bayana tana cewa masha Allah. Sai aka shiga wurin gudu. Ta bi shi kaɗan, yatsu suka sarƙe, mai fiyano ya yi gaba ya bar ta. Ya lura, ya rage gudu ya jira ta, ta kamo shi. Aka zo wurin hawan nan da ta sha faɗuwa a kansa a gida. Ta ja numfashi ta hura, sarewar ta yi wata ƙara mai kaifi kamar an taka wutsiyar kyanwa. Wani yaro ya yi dariya, uwarsa ta kwaɓe shi. 'Yata ta tsaya. Ta dubi Abla da ke gefen dandamali, Abla ta yi mata alama ta sake. Ta sake daga farkon wurin, ta iso hawan, wannan karon ko ƙarar ba ta fito ba, iska ce kawai. Ta sauke sarewar daga bakinta ta tsaya tana kallon ƙasa. Zauren ya yi tsit. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba. Daga nan ta ɗan rusuna yadda aka koya musu, ta juya ta fita. Mutane suka tafa mata, tafin tausayi, wanda ya fi shiru ciwo.

Na tashi na bi ta. Na same ta a barandar bayan zauren ta jingina da bango, ba ta ma iya kuka ba. Na rungume ta, babanta ya zo ya tsaya kusa da mu. Muna nan aka yi hutun rabin lokaci, mutane suka fara fitowa shan iska. Sai ga muryar yayana daga bayan wani ginshiƙi, shi da mudirinsa, ba su gan mu ba. Da kunnena na ji shi yana cewa da Larabci, har da 'yar dariya, “Wallahi na gaya mata wannan busa ta fi ƙarfinta, na ce ta ɗauki mai sauƙi. Amma ka san yaran yanzu, ba sa jin magana.”

Yarinyar tana jikina, na ji lokacin da ta sandare. Faɗuwar da ta yi a dandamali ba ta kai wannan ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce a hankali, “Ummi, Khali ne?”

Mu an tarbiyyantar da mu ba a ɗaga wa babba murya, kuma tun tasowata ban taɓa mayar wa yayana magana a gaban baƙo ba. Ranar na saki yarinyar na zagaya ginshiƙin. Da Larabci na yi maganar don kada mudir ya nemi tafinta. Na ce, “Yaya, ka ji tsoron Allah. Kai ka kawo busar nan a wayarka, a falona, hannunka bai bushe daga cin shinkafata ba. Kai ka ce wadda malamarta ta zaɓa ta renon jarirai ce. Kai ka je ofis ka ce malama ba ta san aikinta ba. Ɗazun nan a gaban wannan bawan Allah ka ce kai ka zaɓa. Yanzu da ta faɗi ka zame ka bar ta ita kaɗai?”

Ya yi wuƙi-wuƙi da ido, ya juya harshe zuwa Hausa ya ce, “Ke, ba a nan ba. Za ki tozarta ni gaban mutane.”

Na ce, “Ita a gaban wa ta tsaya?”

Mudirin ya kau da kai daga gare shi. Ya leƙa ya ga yarinyar, ya matsa kusa da ita ya ce, “Ya binti, 'yata, farkon da kika busa ya yi daɗi ƙwarai. Allah ya yi miki albarka.” Ya yi wa babanta sallama ya tafi abinsa. Yayana ya tsaya yana naɗe sandar wayarsa, yana borin kunya, wai sanyin na'urar zauren ne ya daskarar da sarewar, wai mai fiyano ne ya yi sauri. Daga nan ya tafi Ammariyya ya kai ƙarata wurin mahaifiyarmu cewa na ci mutuncinsa. Ya daɗe bai taka gidanmu ba, ya kuma aiko aka ɗauke sifikarsa, wanda shi ne alheri mafi girma da ya yi mana a shekarar. Har yau bai taɓa buɗe baki ya ce wa yarinyar nan ta yi haƙuri ba.

Ba a ɗauke ta a ƙungiyar ba, kuma babu wanda ya yi mamaki. Ta rufe sarewar a akwatinta ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ta daina. Watanni suka wuce gidan shiru. Ban matsa mata ba, don na ga abin da matsi ya haifar.

Abla ce ta dawo mana da ita. Wata ranar hutu da hantsi sai ga dattijuwar nan ta hawo benenmu tana haki. Ta sha shayi, ta yi hira da yarinyar a kan makaranta da ƙawaye, ko sau ɗaya ba ta ambaci bikin ba. Da za ta tafi sai ta ciro takardar wata sabuwar busa daga jaka ta ce, “Ina so in ba wata ɗalibata wannan, amma ina tsoron kada ta yi mata wuya. Ki duba mini, ke kin san yadda abu mai wuya yake.” Ta ajiye ta tafi. Kwanaki takardar na kan tebur. Sai wata rana ina wanke-wanke na ji sauti daga ɗaki, a hankali, kamar mai tsoron a ji. Na rufe famfo na tsaya, ban shiga ba. A mako na gaba ta ce in raka ta ta kai wa Abla amsa. Shekarar da ta biyo ta shiga ƙungiyar, da busar da malamarta ta zaɓa.

Yanzu tana jami'a, kuma takan taimaka wa Abla da ƙananan ɗalibai a ƙarshen mako. Kawun nata kuwa yana nan yadda yake. An gaya mini duk wanda ya shiga shagon sayen caja sai ya nuna masa bidiyonta, yana bugun ƙirji wai shi ya gina ta, wai wahalar da ya ba ta a farko ce ta sa ta zama abin da ta zama. Ni dai idan na ji sai in yi tsaki in ci gaba da abin da nake yi.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, idan za a ɗora wa yaro kaya, a auna wuyan yaron, kada a auna girman kan wanda ke tsaye a gefe yana jiran a yaba masa. Kuma duk mai ba ka shawara da babbar murya, kafin ka ɗauka ka tambayi kanka ko zai tsaya kusa da kai ranar da abin ya ɓaci. Wanda ba shi zai hau dandamali ba, kuma ba zai amsa sunansa idan an faɗi ba, ba shi da bakin zaɓar busa, ko da kuwa shi ya sayi sarewar.